Sabitu da Rawar Bikin Raghad

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cikin asansir a tsofaffin otal-otal na Jarwal, wato akwatin nan da ke hawa da mutane bene, da wuya in ba muryar Sabitu ce ta fara sauko masa daga sama tana cewa ya kwantar da hankalinsa ba. Gyaran asansir ne aikinsa tun gemunsa yana baƙi. Mutumin Gumel ne, gajere, kakkaura, mai tafiya kamar yana gudun kada ya tashi wani daga barci. Wani kamfanin gine-gine ne ya kawo shi Makka ɗaukar kaya, sai wani tsohon makaniki ɗan Pakistan ya lura yaron ba ya taɓa abu sai ya saurare shi, ya ja shi a jiki ya koya masa aiki. Tsohon ya koma ƙasarsu tuntuni, Sabitu yana nan da akwatin kayan aikinsa.

Abin da aka fi saninsa da shi a Shisha, unguwar da yake zaune da iyalinsa, ba gyaran ba ne. Sabitu ba ya zaɓen abu da gaggawa. In ya tsaya sayen kankana, sai ya ƙwanƙwasa ta farko, ya ƙwanƙwasa ta biyu, ya koma kan ta farko, har mai kankanar ya gaji ya miƙo masa kujera. Shekarar da firjinsu ya mutu ana gab da babbar salla, ya zaga shaguna yana buɗe ƙofofin firji yana kara kunne a bayansu, har salla ta zo ta wuce, matarsa Ɗaso ta rabar da naman layya kaf ga maƙwabta. Ɗaso takan ce ita kaɗai ce Sabitu ya ɗauka bai ƙwanƙwasa ba, shi ma don yana Makka aka ɗaura auren a Gumel, sai daga baya aka turo masa ita. Da ya je tarbarta filin jirgi a Jidda sai da ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarta, don ta ba shi tsawo sosai. Har yau ita ke sauko da tukwanen saman kabad.

'Ya'yansu maza sun girma sun kama aiki a wasu garuruwa. Auta ce ta rage a gida, Raghad, haihuwar Makka, mai aiki a wani kantin magani. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa takan tafi daidai sai ta karkace a tsakiyar hanya. Ita ce aka sa wa rana da Marwan, ɗan wasu Hausawa da suka daɗe a Makka har kakarsa ba ta tuna sunan ƙauyensu ba. Marwan a Tabuka yake aiki, can kuma zai tafi da ita.

Wata Juma'a bayan an ci abincin rana, Raghad ta matso kusa da mahaifinta da waya a hannu.

"Abuya, abu ɗaya nake so a bikina. Ɗaya tak."

Ta nuna masa bidiyon bikin wata ƙawarta. Wani dattijo ne cikin alkyabba, ya riƙe hannun amarya, ɗaya hannun a bayanta, suna juyawa a hankali a tsakiyar zaure.

Sabitu ya kalla har ƙarshe. "Wannan bawan Allah lafiyarsa ƙalau?"

"Babanta ne. Rawa suke yi. Haka nake so mu yi, ni da kai."

Sai da Ɗaso ta ajiye farantin da ke hannunta don kada ya faɗi. Sabitu bai taɓa rawa ba tunda aka haife shi. Mahaifinsa limamin unguwa ne, gidansu in makaɗa sun biyo ta layin rufe ƙofa ake yi. Ko kai ba ya gyaɗawa in ya ji waƙa a tasi.

Ya fara kawo hujjoji. Zauren mata ne, ya za a yi namiji ya shiga? Raghad ta ce za a sanar mata su rufe jikinsu, kamar yadda ake yi in ango zai shigo. Ya ce shi ba ya son kayan kiɗa. Ta ce babu, duffi ne kawai, 'yar gangar hannun nan, da muryoyi. Ya ce mutane za su gan shi.

"Abuya, rabin Jarwal sun gan ka a rataye a ramin asansir da wando mai maiƙo."

"Wannan aiki ne."

Ya ce a'a, ya tashi ya shige ɗaki. Daga can yana jin Ɗaso tana lallashin yarinyar da muryar da aka ɗaga don ta kai ɗaki: ta yi haƙuri, ai baban Marwan yana nan, mutum ne mai son raha, in an roƙe shi zai yi. Sabitu ya kwanta yana kallon silin. Ya hango baban Marwan da ƙaton tumbinsa riƙe da hannun Raghad, mata suna guɗa. Ya tuna kuma Tabuka ba nan kusa ba ce. Kafin kiran la'asar ya fito.

"Zan yi. Amma kada wanda ya ji kafin ranar. Kuma ni zan nemi inda zan koya da kaina."

"Kai za ka zaɓa?" in ji Ɗaso. "To Raghad, kira su Marwan ki ce an ɗaga biki zuwa baɗi."

Matsalar farko ita ce wa zai tambaya. Makka ba gari ba ne da za ka ga allo a bakin titi an rubuta ana koyar da rawa. Ya dinga kewaye-kewaye a wurin aiki yana cewa wani abokinsa ne ke nema, har wani mai gadin otal ya kwatanta masa wani fili a Ka'akiyya inda maza ke taruwa ranar Alhamis da yamma.

Ya je. Ya tarar da 'yan mizmar, rawar sanda ta mutanen Hijaz, sun yi da'ira, ganguna suna tashi, mutum biyu a tsakiya suna wulwula sanduna kamar za su fasa wa juna kai. Abin ya burge shi. Ga maza zalla, ga kwarjini, ba wanda ya riƙe hannun wani. Bai gama dubawa ba shugabansu ya damƙa masa sanda ya tura shi tsakiya. Sabitu ya ɗaga sandar ya juya ta sau ɗaya, ta zagayo ta same shi a kunne, hularsa ta yi gaba. Aka tafa masa sosai, don mutanen kirki ne.

Da ya dawo gida ya tambayi Raghad ko za ta yarda su riƙe sanduna, ita da shi.

"La, Abuya," ta ce tana girgiza kai.

"An fi mutunci da sanda."

"Me ya samu kunnenka?"

Ya ce ƙofar asansir ce.

Daga nan ya koma ga waya. Ya rubuta abin da yake nema da Larabcinsa na kan titi, taswira ta nuna masa wani bene a nan cikin Shisha, bai fi tafiyar ƙafa ba. Ya shiga, ya hau hawa na uku, yana ta ɓata rai da ƙarar da asansir ɗin ke yi. Ƙofar wurin ta gilashi ce mai duhu, ba a ganin ciki. Ya danna ƙararrawa. Muryar mace ta fito daga ɗan akwatin da ke bango, ta ce wurin motsa jiki ne na mata zalla, me yake nema?

Kunya ta rufe Sabitu. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ya faɗa.

"Mai gyaran asansir ne."

"Alhamdu lillahi!" in ji muryar. "Tun yaushe muke kiran mai gidan!"

Haka ya koma gida ya ɗauko akwatin aikinsa, ya ƙare yammacin a saman benen yana ɗaure ƙusoshi da zuba mai. Asansir ɗin ya daina ƙara. Rawa kuwa ko taku bai ƙaru da shi ba.

Ya leƙa wani wurin motsa jiki na maza ma, inda wani saurayi mai damtse kamar turmi ya ɗora shi kan bel mai gudu ya ƙara wuta. Wannan bai ba kowa labarinsa ba, Ɗaso dai ta ga kwana biyu yana salla a zaune.

Inda ya dace, ba nema ya je ba. Ya je wurin wani tela Bamisire a Jarwal a auna shi farar jallabiyar biki. Tela yana zagaya masa tef a ciki, sai Sabitu ya ɗaga hannu ya ce ya dakata. Daga silin wani sauti ke saukowa: ana jan ƙafa a ƙasa, ana kuma buga wani abu kamar cokali a jikin kofin shayi, bugu mai tsari, ba ya sauri ba ya lafawa. Kunnen da ya saba da injin lafiyayye ya ji daɗinsa.

"Me ake yi a sama?"

Tela ya yi ƙasa da murya. Yayansa ne, Ustaz Abdulganiyyu. A ƙuruciyarsa ya yi aikin raba abinci a manyan otal-otal na Iskandariyya, inda ya ga rawar turawa har ya iya ta. Yanzu da 'yan matan zamani suka ce dole ango ya yi 'yar rawa da su a zauren biki, angwaye kan zo ɗinkin kaya su hau sama a gyara musu ƙafa.

Sabitu ya hau. Ɗaki ne mai faɗi da aka ture dilolin yadi gefe guda. Ya taka tayil ɗin lungu-lungu, bai ji wanda ke motsi ba. Tagar tana da labule mai kauri. Akwai matakala ta baya da ke sauka wani lungu inda ba a cika wucewa ba. Babu rediyo, babu lasifika, sai wani siririn tsoho mai gashin baki da aka shafa wa baƙin lalle, riƙe da cokali da kofi. Duk da haka bai yanke shawara a ranar ba. Ya yi ta zuwa yana zama a kan dila yana kallo, yana tambayar ko na'urar sanyaya ɗaki na ɗigar da ruwa, har Ustaz Abdulganiyyu ya ce masa shayin da yake sha kullum na ɗalibai ne.

"To rubuta ni."

"Ango ne kai, ya Hajji?"

Samari biyu da ke wurin suka juyo suna kallonsa. Sabitu ya ji ba zai iya buɗe baki ya ce shi, ɗan liman, zai yi rawa a gaban mata ba.

"Gwiwa ce," ya ce. "Likita ya ce in riƙa motsa ta."

Idon Ustaz Abdulganiyyu ya yi haske kamar an kunna fitila. Ya rungume Sabitu ya ce Allah ne ya kawo shi. Ya ce ba abin da ke gyara gwiwa kamar tafiya da baya, shi da kansa ya shaida. Sabitu bai san dalilin murnar ba. Dalilin kuwa shi ne duk ɗaliban tsohon angwaye ne, kowa takun namiji yake so, ba mai yarda ya tsaya a matsayin amarya. Kafin zuwan Sabitu, da mutum-mutumin tela ake gwaji, wanda ba shi da ƙafa.

A darasin farko aka haɗa shi da wani dogo baƙi da kansa ke neman taɓa fanka. Suka kama hannu, suka kalli juna, dogon ya ce da Hausar Maraɗi, "Alhaji, mi kake yi nan?"

Sabitu ya waiga ya ga ko wani ya ji. Bahaushe ne. Sunansa Issoufou, direban tankar ruwa, ya haura arba'in bai yi aure ba sai bana. Zai tafi gida hutu a ɗaura masa aure da wata malamar asibiti mai suna Zali, ita ce ta ce in bai koyi rawar ba kada ya sauko daga jirgi. Nan take suka yi alkawari: wanda ya ga wani a nan bai gan shi ba.

Farkon abin ya yi muni. Issoufou yana tuƙa mutum kamar yadda yake tuƙa tanka, in zai juya sai ya ɗebo fili. Ya taka Sabitu har yatsunsa suka daina kawo ƙara. Ustaz Abdulganiyyu, da ke kiran Issoufou Yusuf, yana buga kofi yana ihu, "Wahid, itnen, talata! A hankali, ya Yusuf, mutum ne ba buhun siminti ba!" Amma abin mamaki, Sabitu ya fara kamawa. Ya gano in ya daina tunani ya saurari hannun da ke bayansa, hannun yakan faɗa masa inda za a nufa kafin a nufa. Ƙafarsa ta yi sauƙi. Ya iya zamewa baya ba tare da ya waiwaya ba, ya iya juyawa a ƙarƙashin hannun Issoufou har gefen jallabiyarsa ya buɗe.

Sau ɗaya ya tambaya yaushe shi ma zai fara tafiya gaba kamar sauran. Tsohon ya ce gaba ta masu gaggawa ce, gwaninta a baya take. Wannan amsa ta yi wa Sabitu daɗi ƙwarai.

Kafin wata ya zagayo, angwaye har rigima suke a kansa. Wani ɗan Yaman ya ce in ba Hajji Sabitu ba shi ba zai yi darasi ba. Wani Basudane ya kawo masa turare. Issoufou ya fara kumbura fuska in ya zo ya tarar an riga shi. Sabitu yakan sauko ta matakalar baya yana jin kansa wani iri, ya tsaya a lungu ya daidaita fuska kafin ya shiga titi. A wurin aiki an kama shi sau ɗaya yana zamewa da baya daga cikin asansir zuwa baranda, ya ce yana gwada daidaiton ƙasa ne.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, Raghad ta ce lokaci ya yi da za su gwada tare. Ita ma tana koyo a wani wuri, ta ce, ta kuma iya nata. Aka ture teburin falo, aka naɗe darduma. Ɗaso ta zauna a kujera da kwanon gyaɗa kamar mai jiran wasan kwaikwayo.

Raghad ta ɗora hannunta na hagu a kafaɗar mahaifinta. Sabitu ma ya ɗora nasa a kafaɗarta. Ta dube shi, ta ɗauke hannun ta mayar bayanta. Ya dawo da shi kafaɗa, ya ce ta bari, shi a wurin gwani ya koya. Aka kunna waƙar, duffi ya fara. Suka tsaya. Ita tana jira ya tura ta, shi yana jira ta tura shi. Da jiran ya yi yawa, sai kowa ya ɗaga ƙafa ya yi baya a lokaci guda. Hannuwa suka rabu. Raghad ta faɗa kan kujera, Sabitu kuwa ya ci gaba da zamewa cikin ƙwarewa, kai a ɗage, har bayansa ya daki kabad ɗin tangaran, kofuna suka yi kuka.

"Abuya!" Raghad ta dafe baki. "Wa ya koya maka? Wannan nawa ne! Takun amarya ne!"

Sabitu ya tsaya jingine da kabad. Abubuwa suka dinga dawo masa ɗaya bayan ɗaya: murnar tsohon, rigimar angwaye, turaren Basudane.

Ɗaso kuwa tuni ta zame daga kujera zuwa ƙasa, gyaɗa ta watse. Dariya take har ba sauti, sai hawaye. Da ƙyar ta iya cewa, "Angwaye nawa ka aura, Malam?"

Ya juya zai shige ɗaki, sai ta miƙe, ta share ido, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Tsaya. Raghad, mayar da waƙar farko."

Ta zo gabansa, ta kama hannunsa na dama ta ɗaga, ta sa ɗaya hannun a tsakiyar bayansa. Kafin ya ce wani abu ta taka gaba, ƙafarsa ta yi baya da kanta. Ta kai shi bakin taga, ta juyo da shi, ta zagaya da shi tebur ba tare da sun taɓa shi ba. Hannunta bai da nauyi irin na Issoufou, kuma ba ta taka shi ko sau ɗaya ba. Tunda aka kawo ta daga Gumel ba su taɓa tsayawa haka a gaban wani ba, ko da 'yarsu ce. Sabitu ya rasa inda zai sa idonsa, ya ajiye shi a kan ɗankunnenta.

Da waƙar ta ƙare ya ce, "Ke kuma a ina?"

Ashe ita ke raka Raghad wurin koyo. Da malamar ta ga ta fi kowa tsawo, sai ta ce ta taimaka ta riƙa tsayawa a matsayin namiji. Amaren Shisha da yawa a hannun Ɗaso suka koyi juyi.

"A wane wuri?"

"Bene mai ƙofar gilashi, hawa na uku. Af, malamar ta ce a gaishe ka. Ta ce asansir bai sake ƙara ba." Ta sake fashewa. "Muna ciki ranar, Malam. Akwai allo da ke nuna wanda ke bakin ƙofa. Hularka kawai muke hangowa."

Washegari Sabitu ya hau benen tela ta matakalar gaba, abin da bai taɓa yi ba. Ya faɗa wa Ustaz Abdulganiyyu gaskiyar magana da murya mai ƙarfi, a gaban Issoufou. Tsohon ya ɗaga hannu sama.

"Kai ka ce gwiwa! Da ka ce ɗiya, da na koya maka na uba. Gwiwar ta yi ciwo tunda ka fara?"

"Dama ba ta ciwo!"

"To ka gani."

Aka yi ƙoƙarin juya shi. Issoufou, don zumunci, ya yarda ya zama amarya. Abin bai yi kyau ba. Hannun Sabitu bai kai tsakiyar bayan Issoufou ba, in ya tura shi kamar ya tura bango ne, ƙafarsa kuma da ta ji cokali sai ta yi baya. Suka yi ta karo da gwiwa. A ƙarshe suka faɗa kan dilolin yadi su biyu, tela ya leƙo daga ƙasa yana tambayar ko gini ne ke rushewa. Ustaz Abdulganiyyu ya ajiye cokalinsa ya ce shi bai taɓa ganin wanda takun amarya ya kama kamar Hajji Sabitu ba, ɓata shi zunubi ne.

Ɗaso ce ta warware matsalar tana yankan albasa. Ta ce rigar amarya faɗi gare ta kamar laima, ba mai ganin ƙafa. Sabitu ya sa hannu a bayan Raghad don idon mutane, Raghad ta yi tuƙin. Kwanakin da suka rage ta koya wa 'yarta takun namiji a falo, Sabitu yana tsakiya ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Ranar biki, aka sanar a zauren mata cewa uban amarya zai shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin sabuwar jallabiya da aron alkyabba da ta yi masa tsawo, yana jin motsin mayafai ana rufe kai. Aka buɗe. Hayaƙin turaren wuta ya tare shi, ga fitilu, ga mata cike da zaure har bango. Sai ga Raghad ta taho cikin farar riga, ta kama hannunsa, ta matse shi kaɗan kamar yadda uwarta ta nuna mata.

Duffi ya fara. Ta taka, ya zame.

Bai ga kowa ba daga nan. Mai tafiya da baya ba ya ganin inda za shi, fuskar wanda ke gabansa kawai yake gani. Ya ga kwallin idonta, ya ga ɗan tabon haɓarta na ranar da ta faɗo daga keke tana ƙarama. Tana ta raɗa masa "hagu, Abuya, hagu" alhali dama take nufi, don har yau ba ta rarrabe su da Hausa ba. Bai bi bakinta ba, ya bi hannunta. Sau ɗaya alkyabbar ta shiga ƙarƙashin diddigensa, ya yi tangal-tangal, ta riƙe shi gam ta mayar da abin juyi. Zaure ya ɗauki guɗa.

Kakar Marwan, da ke zaune a gaba a keken guragu, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ita ba ta taɓa ganin uba mai kawaici irin wannan ba, dubi yadda yake ja da baya yana ba 'yarsa hanya. Ɗaso da ke gefenta ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Da aka gama Sabitu ya sumbaci goshin Raghad ya fita da sauri. A ɓangaren maza baban Marwan ya tambaye shi me ya sa idonsa ya yi ja. Ya ce matan nan ba su san ƙimar turaren wuta ba.

Raghad ta tare a Tabuka. Gidan ya yi shiru, aka mayar da teburin falo wurinsa. Sabitu ya ci gaba da hawa benen tela har Issoufou ya tashi, don bai ga dacewar ya bar mutum a tsakiyar hanya ba. Bayan tafiyarsa Ustaz Abdulganiyyu ya yi ta aike, har da alkawarin ɗinkin salla kyauta, Sabitu ya ce zai yi tunani. Waɗanda suka san shi sun gaya wa tsohon kada ya zauna jira.

Wata safiya suna karin kumallo saƙon murya ya shigo daga Maraɗi. Sabitu ya danna, wayar tana kan lasifika bai lura ba. Muryar Issoufou ta cika falon, ga hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce an ɗaura, an yi rawa, bai taka kowa ba sai wani yaron da ya shigo fili da kansa. Ya yi godiya mai tsawo. Sannan ya rage murya.

"Amma Alhaji, in gaya maka gaskiya tsakanina da kai. Zali ta fi ka kyau nesa ba kusa ba. Sai dai wallahi ba ta kai ka sauƙin juyawa ba."

Ɗaso ta ƙware da shayi. Sabitu ya goge saƙon nan take, ya ce mutanen Maraɗi ba su da ta ido, ya ɗauki akwatin aikinsa ya fita. Bai kai bakin titi ba ya dawo, ya tsaya a ƙofar kicin yana juya wayar a hannu.

"Ɗaso," ya ce, "in mutum ya goge saƙo, akwai yadda ake dawo da shi?"